Maharbinka Yana Bakin Kogi

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Anti Hauwa da yara? Mu nan Ajingi lafiya lau, mun fara cirar gyaɗa.

Ka tuna wasan labarin da muke yi a zauren Baba, kowa da jaruminsa, taswira a bayan kalanda? To, kamfanin littafin ya fitar da sabon bugu, ya yi watsi da tsohon. Abokinmu Habu na Toranke ya kawo sabon a waya, wai mu koma kansa tunda namu ya yage. Da gaskiyarsa, amma da na duba, sai na ga sun cire maharba daga cikin jaruman wasan gaba ɗaya. Na ce, "Wallahi Habu, ba da ni ba!" Ya tashi ko furar bai sha ba.

Takardar maharbinka tana cikin tsohon littafin, da rubutunka. Yana bakin kogi inda ka bar shi, kuma ba mai tsallakawa sai ka dawo.

Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Musa