Kowa da Motarsa Ban da Ni

Assalamu alaikum, Baban Ummi.

Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya haskaka makwancinka. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda. Ko da akwai ma, na san halinka, ajiye ta za ka yi a gefen tebur ka ce bari fenti ya bushe tukuna. Duk da haka sai na rubuta, domin magana ta cika mini ciki, kuma a garin Turawan nan duk wanda na gaya wa, kafin la'asar ta zagaye gidajen Hausawa.

Mu dai muna nan. Takaba ta kusa ƙarewa. Ummi ta koma makaranta, kuma har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take ba ni amsa. Inna ta aiko da kaset daga Bichi, rabinsa addu'a rabinsa kuka. Famfon kicin da ka ce za ka duba yana nan yana ɗiga. Teburinka na ƙuryar falo ban kwashe shi ba, kwalaben fenti suna jere yadda ka bar su, warinsu ya kama labule ya ƙi fita.

Ga abin da ke damuna, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kishi nake yi. Kishin mutanen da suka zo yi mini ta'aziyyarka nake yi, kowa da kowa, har da tsofaffin cikinsu.

Kai ka jawo. Turawan da kake haɗuwa da su a kantin nan na kayan haɗa 'yan ƙananan motoci da ke High Point Road, su sayi kwali, su haɗa gutsattsarin robar da ke ciki, su shafa fenti, mota ta fito daidai da hoton jikin kwalin, shi ke nan. Kai ina! Kai sai ka zaunar da mutum ka tambaye shi motar da ya baro a gida. Wane launi ce? Ina ta lotse? Me aka rubuta a bayanta? Sai ka yi wata da watanni kana yanka, kana goga, kana mannawa, har motar nan ta fito tsawon tafin hannu, da tsatsarta da komai. Ka miƙa wa mai ita, ko na goro ba ka karɓa.

To, sun zo. Alhaji Mamman mutumin Damagaram ya zauna a kujerarka, yana ba da labarin Landirobar mahaifinsa da ka yi masa, Hausa na ƙare masa yana cikewa da Faransanci. Anti Larai ta ce tata tana kan talabijin, 'yar ƙaramar shuɗiyar motar kawunta da ta riƙa kai ta makarantar kwana, kuma kullum da safe sai ta goge ta ta yi maka addu'a. Malam Iliya mai kantin nama shi a aljihun rigarsa ma ya zo da tasa. Ya fito da ita a gaban jama'a, ya ɗora a gwiwa, yana hawaye kamar yaro. Ni kuwa ina zaune a tabarma ina amsa amin, amin, zuciyata na tafasa. Kowa yana da abin hannunka da zai riƙe ya yi kuka. Ni me zan riƙe? Famfo?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san kayan da ke jikin motocin nan. Baƙin hayaƙin da ke bakin salansar Alhaji Mamman kwallina ne. Tsatsar da Anti Larai ke gogewa lallena ne da ka kwaɓa da fenti. Tamfol ɗin da ke kan motar Malam Iliya gefen tsohon ɗankwalina ne, wanda ka ce ai ya koɗe. Hantsakina ya ɓace, na gan shi a teburinka. Jan farcen da na saya don sallah, fitilun baya ka yi da shi. Ka ɗebe ni kaɗan-kaɗan ka raba wa mutanen gari, ba wanda ya sani, ba wanda ya ce mini na gode.

Ka tuna ranar da na ce ni ma ka yi mini tawa? Wasa na nuna maka nake yi, amma ba wasa ba ne. Ka ɗago kai da tabarau ɗin nan naka mai ƙara girman abu, ka tambaye ni wace mota aka taɓa yi a gidanmu. Na ce keken Baba. Ka yi dariya har da buga tebur, ka ce ba a sayar da keke a kwali. Ni ma na yi dariya, na shiga kicin. Ba ka biyo ni ba. Da ka biyo ni da ka ga ba albasa nake yankawa ba. Laifina ne da aka haife ni a gidan tela? Wanda bai baro mota a gida ba, shi bai baro komai ba ke nan?

Kada ka ce na manta alherinka. Ban manta ba. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, ba ka taɓa barin mu da yunwa ba. Amma irin kallon da kake yi wa taya, ka juya ta a haske, ka hura mata iska a hankali, na sha tsayawa a ƙofar kicin ina jiran ranar da za a kalle ni haka. Mace da girmanta, da 'yarta, tana ƙyashin taya. Ka ga abin da ka mai da ni?

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Motar ƙarshe ka bar ta kan tebur, akori-kurar da kake yi wa Dokta Bashir, malamin nan na aikin gona da ke zaune Pleasant Garden. Ta mahaifinsa ce, wadda ya yi jigilar auduga da ita a Malumfashi har ya ga karatun ɗansa. Ka gama katakon bodi da tsinken sakace, ka rubuta "Allah ya kiyaye hanya" a goshinta da burushin nan mai sili ɗaya. Lamba kawai ta rage. Ranar da ka manna mata gilashin gaba, ranar ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, muka tafi asibiti, na dawo ni kaɗai.

Shekaranjiya matarsa, Hajiya Binta, ta zo. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta yabi Ummi, ta yabi labule, sannan ta fito da maganar. Wai mahaifin Dokta ba shi da lafiya, jikin ya yi nisa, Dokta zai tafi gida ranar Asabar, kuma tun bara ya yi masa alkawari a waya cewa zai kawo masa motarsa a tafin hannu. Tsohon kullum sai ya tambaya. Ta ce ko ba lamba suna so.

Na ce mata zan duba. A raina kuwa cewa na yi ba inda za ta. Abu na ƙarshe da hannunka ya taɓa a duniya, shi ma a ɗauke a kai Malumfashi? Su sun sami rabonsu tun kana raye. Na yini ina faɗa da kaina. In na tuna tsoho a kwance yana jira, kunya ta kama ni. In na kalli teburin na ga zai zama fayau, sai na ji ko a jikina.

Jiya da hantsi na ɗauke ta a karo na farko, na kai bakin taga. Sai na ga wani tabo a gilashin gaba, ta ɓangaren direba. Na goga da mayafina, ya ƙi fita. Na sa tabarau ɗinka. Shatin babban yatsanka ne, ya kafe a cikin gam, layi-layi, har da tsagar da wuƙarka ta taɓa yi maka. Kai da ba ka barin ko ƙura, kai da kake goge mota sau nawa kafin ka miƙa ta, ashe ran nan ciwo ya riga ya kama ka ban sani ba. Da ka ƙara kwana ɗaya da ka ɓalle gilashin nan ka jefa a shara kana tsaki.

Duk motocin da ke kan talabijin ɗin mutane tas suke, ka share kanka daga jikinsu. Wannan ce kaɗai ka bari.

Na ɗauki 'yar wuƙarka na bi gefen gilashin a hankali, yadda na sha gani kana yi. Ya fito bai tsage ba. Motar na naɗe ta a auduga na sa a kwalin takalmi, gobe Hajiya Binta za ta zo ta ɗauka. In Dokta ya tambayi gilashi, ya gaya wa tsohonsa dutse ne ya fasa shi a hanyar Funtuwa. Tsohon direba ne, ba zai yi mamaki ba.

Gilashin bai kai farcena girma ba. Na ƙulle shi a bakin zanena. Ba zan ɗora shi a talabijin ba, ba zan nuna wa Anti Larai ba, ko Ummi sai ta girma. In hassada ce, ka roƙa mini gafara daga can, don ni dai ban ji zan iya tuba ba tukuna.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sada mu a inda ba ka da wani aiki a gabanka. Sai na zo.

Taka, wadda ba ta baro mota a gida ba,
Rabi