Rodi Uku da Aka Mayar Ba a Gurbinsu Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Abdulwasi'u Garba,
Shugaban Ƙungiyar Masu Fatsa ta Hausawan Makka,
Ofishin Ƙungiya, Misfala.

Daga:
Saudat Lurwanu,
'yar Malam Lurwanu mai gyaran sandar fatsa,
Utaibiyya.

Lahadi, 24 ga Sha'aban 1446 (23 ga Fabrairu 2025)

Game da: Cire alamomin hanya a gaɓar Shu'aiba ranar Juma'a 10 ga Rajab, da rasuwar Hamad Lurwanu, da roƙon a hana mahaifina shiga ruwa ranar Juma'a mai zuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina neman izini in ajiye ƙorafi a gabanka. Ni ba 'yar ƙungiya ba ce, ban taɓa riƙe sandar fatsa ba. Aikina a wannan sha'ani shi ne in cika robobi da ruwa ranar Alhamis in jera a firiza, domin mahaifina da yayana Hamad su sami ƙanƙarar ajiye kifi ranar Juma'a. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, don haka in tsarin takardar bai cika ba, a yi mini afuwa. Na rubuta ne domin bakina ba zai iya faɗa a gaban manya ba, kuma kwana biyar kawai suka rage.

Ranka ya daɗe ya san wurin, amma zan bayyana shi domin duk wanda za a miƙa wa takardar. A inda 'yan ƙungiya ke kamun kifi, mutum yana taka dutsen cikin ruwa ne daga tudu har bakin zurfi, ruwa iya ƙugu. A tsakiyar dutsen akwai rami mai faɗi da ake kira Rijiya. In ruwa ya lafa ana ganin bakinta shuɗi. In iska ta tashi, ruwa ya gurɓace, ba a ganin komai. Shekara goma sha tara ke nan mahaifina yana kafa rodi ashirin da ɗaya a tsagogin dutsen, kowanne da jan ƙyalle a kai. Ƙa'idar ita ce mai shiga ya bar rodi a hannun damansa, kusa har kafaɗarsa ta goge shi, mai fita kuma ya bar shi a hagu. Wanda ya bi haka, ko idonsa a rufe, Rijiya ba ta ganinsa. Duk wanda ya shiga ƙungiya ana karanta masa wannan a ofishinka, ya ce ya ji.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu.

1. Ranar Juma'a 10 ga Rajab 1446, daidai da 10 ga Janairu 2025, mun isa gaɓar wajen ƙarfe tara na safe, ni da mahaifina da Hamad da gwaggona Maryama. Tayar motar ta yi faci a hanya, saboda haka bayan sun kafa mana rumfa, mahaifina da Hamad suka koma bakin titi gyara, da niyyar su tsaya sallar Juma'a a can. Gwaggo ta kwanta ta ba ruwa baya. Wajen ƙarfe goma iska ta ɗaga rumfar waɗansu mutane biyu da ke gefenmu, turakunta suka ƙi kama yashi. Na gan su sun shiga ruwa, sun girgiza rodi na shida da na bakwai da na takwas har suka fito, sun kawo su tudu sun ɗaure rumfarsu da su. Waɗannan ukun su ne na gefen Rijiya. Na ƙirga da idona, domin tun ina ƙarama ni nake yanka wa mahaifina jan ƙyallen.

2. Wajen ƙarfe biyu, da mutanen nan biyu za su tafi, sun mayar da rodin. Ina so a rubuta musu wannan, ba su jefar ba, ba su tafi da su gida ba. Amma sun soka su ne a inda suka sami tsaga mai sauƙi, ba a gurbinsu ba. Daga baya an auna, an ga sun karkata taku huɗu zuwa hagu. Ranka ya daɗe, da sun tafi da su da ya fi. Hamad ya san rodi ashirin da ɗaya ne. Da ya ga giɓi da ya tsaya. Abin da ya gani shi ne layi cikakke, da jan ƙyallen mahaifinsa a kai.

3. Bayan la'asar Hamad ya shiga shi kaɗai, domin gwiwar mahaifina ta motsa. Ya ɗaura igiyar hafizarsa a ƙugu, wato akwatin ƙanƙarar da ke binsa a baya a kan ruwa, jakar dalmar da ke nutsar da ƙugiya kuma a kafaɗa. Ya wuce rodi na biyar kafaɗarsa tana gogarsa, yadda aka koya masa tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya wuce na shida. Kafin na bakwai sai na ga babu shi. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Hafizar ce kawai ta tsaya cak a wuri ɗaya, fara, tana juyawa a hankali, duk sauran ruwan yana tafiya ita ba ta tafiya. Mahaifina yana ɗaura ƙugiya kansa a sunkuye. Sai da na kama hannun rigarsa na nuna masa da yatsa. Jami'an tsaron gaɓa sun zo, sun yi aikinsu da mutunci, Allah ya saka musu. Igiyar hafizar suka bi suka same shi.

4. Hamad ba gwanin iyo ba ne, kamar yawancin waɗanda suka tashi a Makka, amma ya iya abin da zai fitar da shi daga rami mai faɗin ɗaki. Abin da ya riƙe shi shi ne tsohon zaren fatsa. Waɗanda suka ciro shi sai da suka yanka dunƙulen zare da ƙugiyoyi daga ƙafarsa ta hagu. Wannan ba laifin mutum biyu ba ne. Dokar ƙungiya ta ce zaren da ya tsinke ko ya cukurkuɗe a sa shi a aljihu a fito da shi. Mutane suna yanke shi su saki, ruwa ya kwashe ya tara a Rijiya shekara da shekaru. Ina zaune a tudu ina ganin ana yi. Har waɗanda suka ɗauki makararsa, wasunsu zarensu yana cikin wanda aka yanka.

5. Mutanen nan biyu 'yan ƙungiya ne. Sunansu Talal da Marwan, suna zaune a Kudai, suna zuwa da koriyar mota mai buɗaɗɗen baya. Na san su domin sun taɓa kawo wa mahaifina gyara. Sun zo ta'aziyya rana ta biyu. Ina bayan labule ina miƙa gahawa na ji muryarsu suna yi wa mahaifina addu'a, kuma na ji mahaifina yana gode musu. Ban sani ba ko sun gane abin da hannunsu ya yi. Mai yiwuwa har yau suna ganin sun ari abu sun mayar. Kwana arba'in da huɗu ke nan, ƙungiya ta yi zama biyu, ba a tambayi kowa komai ba game da rodin. An rubuta cewa ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ranka ya daɗe, amma rodin nan uku har yanzu suna tsaye a inda aka soka su, da jan ƙyalle a kai, kuma mutane suna shiga kowace Juma'a. An dai yaɗa a waya cewa a kula, wanda bai gani ba fa?

6. Wannan ƙorafin a kaina yake, kuma ina roƙo a rubuta shi tare da sauran. Na ga an cire, na ga an mayar, ban yi magana ba. Maza ne da ba 'yan gidanmu ba, ni kuma ko mai shagon unguwarmu ba na iya kallo. Na ce a raina in Baba ya dawo zan faɗa masa. Da ya dawo na ga rodin suna tsaye, sai na ce ai sun gyara, me zan tayar. Na zuba wa Hamad shinkafa, ya ci, ya tsokane ni cewa ƙanƙarata ta fi kifin da zai kama nauyi. Na yi dariya na bar shi ya shiga. Har yau ban faɗa wa mahaifina ba, ban faɗa wa gwaggo ba. Ranka ya daɗe ne mutum na farko.

An dawo mana da hafizar tare da kayansa. Robobi shida ne a ciki, ba su gama narkewa ba. Ban san abin da ake yi da irinsu ba, sai na mayar da su firiza. Suna nan. Ba mai sha, ba mai zubarwa. In ina wanke-wanke da rana famfo yana zuba, nakan ji kamar abu yana bugun gefen roba a hankali, in rufe famfon, shiru. In na ga farin abu a tsaye a titi, ko buhu ne, nakan tsaya ina kallonsa. Ranar Alhamis uku a jere na sami kaina na cika sababbin robobi kafin in tuna. Ban kawo wannan domin a tausaya mini ba, na kawo ne domin a san ban manta ko ɗaya daga abin da na gani ba, in ana buƙatar shaida.

7. Abin da ya sa takardar ba za ta jira zaman wata mai zuwa ba shi ne mahaifina. Shekararsa sittin da takwas, idonsa na dama ya yi yana. Sati biyu kafin abin ya faru shi ya sabunta rodin da hannunsa. Da aka gaya masa an same su a karkace, bai tambayi kowa ba, ya ɗauka idonsa ne ya yaudare shi, shi ya kafa su a bakin Rijiya ya tura ɗansa. Tun ranar ba ya karɓar gyara. Bayan la'asar yakan zauna a ƙofar gida yana yanka rodi, yana ɗaura ƙyalle, yana ƙirgawa daga ɗaya zuwa ashirin da ɗaya, in ya kai shida sai ya koma farko. Wani lokaci yakan kira Hamad ya miƙo masa filaya. Ya gaya wa gwaggo cewa ranar Juma'a 29 ga Sha'aban zai je ya gyara kuskurensa kafin azumi, kuma ba ya son kowa ya bi shi, domin kada ya ƙara ɗaukar ran ɗan wani. Ya riga ya yi magana da mai motar da zai kai shi. Mutum mai ido ɗaya da gwiwa ɗaya zai tsaya a bakin Rijiya yana girgiza ƙarfe, a watan da ruwa ya fi cika. Ni ba ni da wani namiji a duniya bayan shi.

Bisa ga haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

Na farko, a tura mutane masu iyo, ba ƙasa da huɗu ba, da igiya, kafin ranar Alhamis 28 ga Sha'aban, su mayar da rodi na shida da na bakwai da na takwas gurbinsu, su kwashe zaren da ke cikin Rijiya. Gurbin ba ya ɓata, mahaifina yana zuba siminti kaɗan a bakin kowace tsaga, hannu zai ji shi. A ɗauki hoto a kawo masa ya gani.

Na biyu, a kira Talal da Marwan, a karanta musu sakin layi na ɗaya da na biyu. Ba na neman a kai su gaban hukuma, ba na neman a kore su. Ina neman su zo gidanmu tare da kai, su faɗa wa mahaifina da bakinsu cewa su suka cire. Hoto kaɗai ba zai zaunar da shi ba, zai ce sai ya taɓa da hannunsa. Abin da zai zaunar da shi shi ne ya san ya kafa daidai. In sun faɗi nasu, ni ma zan fito daga bayan labule in faɗi nawa a gabanka, ko da muryata za ta ƙi fita sai an jira ni.

Na uku, a sake karanta dokar rodi da ta zare ga kowa, tsoho da sabo, kuma a ƙara a cikinta cewa wanda ya ga an taɓa alama ya faɗa, ko mace ce a ƙarƙashin rumfa.

Ranka ya daɗe, zan saurari ƙwanƙwasa ƙofa har magaribar Alhamis. In ba a zo ba, ba zan ce an ƙi ni ba, na san manya suna da hidima. Amma ba ni da ikon hana mahaifina, kuma ba zan sake zama a tudu ina kallo ba. Zan shiga motar tare da shi. Ban taɓa shiga teku ya wuce idon sawuna ba, sai dai ni kaɗai na ga inda aka ciro rodin nan, don haka ni zan wuce gaba, shi ya biyo ni.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya jiƙan namu da naku, ya kai mu Ramadan da rai.

'Yarka mai biyayya,

Saudat Lurwanu
Utaibiyya, Makka