Shaidar Abdulfatah

Gangare, Jos
4 ga Maris, 2004

Yaya Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Anti Asta da yara.

An dawo da maigidana Abdulfatah asibiti a nan Jos. Wutar jirgin saman da ya faɗi da su ta ci bayansa da hannuwansa biyu. Likita ya ce sai ya riƙa shan ruwa sosai, in ba haka ba ƙodarsa za ta taɓu. Amma da ya kurɓa sai ya tofar, wai warin man jirgi yake ji. Zoɓo nake dafa masa da citta, ina ba shi da cokali. Zoɓon kaɗai ke wucewa.

Jiya lauyan kamfanin jirgin, Barista Emenike, ya kawo takarda. In Abdulfatah ya yarda iska ce ta kayar da su, za su kai shi ƙasar waje jinya. Shi kuwa ya rantse kafin su tashi ya ga ana kwance injin hagu, matuƙin yana faɗa da makanikai. Yaya zan yi?

Ƙanwarka,
Balaraba

Kaduna
11 ga Maris

Balaraba,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya.

Ku sa hannu. Talaka ba ya shari'a da masu jirgi. Waɗanda suka mutu sun riga sun tafi, naki yana da rai.

Yayanki,
Shu'aibu

Gangare
20 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta masa wasiƙarka, ya juya fuskarsa bango. Ya ce, “Balaraba, mutum sittin. Matar da ke gefena goyo gare ta.”

Barista ya dawo da tawada, tunda hannun ba ya riƙe biro. Duk yatsun a naɗe suke, ya rasa wanda zai dangwala. Ya tambayi nas ko za a ɗan kwance babban yatsa. Ta kore shi.

Yanzu zoɓon ma dawowa yake yi. Fitsarin Abdulfatah ya tsaya tun shekaranjiya. Ya sa na rubuta wa masu binciken hatsarin su zo su ji daga bakinsa. Ku taya mu addu'a.

Balaraba

Gangare
29 ga Maris

Yaya,

Salam. Na gode da zuwanku jana'iza, Allah ya saka.

Masu binciken sun iso yau, su uku, da rikoda. Na faɗa musu duk abin da ya faɗa mini. Babbansu ya yi mini gaisuwa, ya kashe rikodar. Ya ce ai ni ba na cikin jirgin.

Ka huta lafiya.

Balaraba