Shekarar da Ba a Yashe Rijiyarmu Ba

Garin Barau, ta Ɗanzomo,
Ƙasar Gumel.
Afrilu, 1958.

Zuwa ga ƙanena Nata'ala, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Husainatu da yara. Allah ya raya mana su, ya kare ku daga sharrin birni. Mu ma nan da sauƙi, sai zafin bazara. Ƙafar Iya ta yi dama, har tana kaiwa bakin zaure da sanda. Murja matar ƙanenmu Hudu ta sauka lafiya, an samu namiji, an mayar da sunan marigayi Baba. Maigidana Malam Ishaƙ ne ke rubuta mini, na kuwa roƙe shi don Allah kada ya sassauta ko kalma ɗaya, don na san shi da son rufa wa mutum asiri. Duk abin da ka karanta, daga bakin yayarka Rakiyya ya fito.

Nata'ala, rijiyarmu ta rufta. Ko Kaduna ta mantar da kai komai, ba ta mantar da kai yadda ake yi ba. Kowace shekara, da an gama kai amfanin gona rumbu, sai a yi gayya, a ɗaure maza da igiya a zura su ciki, su kwashe yashi, su cire itatuwan ɗauri da suka ruɓe su sa sababbi, mu mata muna dama musu fura. Ƙasarmu rairayi ce, rijiyar da aka tsallake mata shekara guda ba ta yafewa. Tun kakanninmu ba a taɓa fashi ba, kuma ba a taɓa neman izinin kowa ba. Bana aka yi fashi, saboda bakinka.

Da kaka ka zo mana cikin mota, babbar riga tana jan ƙasa, ka tsaya ƙofar dagaci ka ce kada kowa ya ƙara wahalar da kansa, rijiyar siminti na nan tafe. Da wani dattijo ya tambaye ka wa ya yi alkawari, ba ka ce Majalisa ba, ba ka ce Minista ba, sai ka gyara hula ka ce maganar tana ofishin Firimiya. Ina bayan danga ina ji, har na yi guɗa, Allah ya yafe mini. Daga ganin sarkin fawa sai miyarmu ta yi zaƙi.

Da lokacin yasa ya yi, Hudu ya fito da igiya ya tara samari, sai dagaci ya hana. Ya ce abin da ke hannun wancan ofishi, shi wane ne da zai bari a taɓa, rawaninsa guda ɗaya ne. Aka je wa hakimi, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Aka aika Gumel, aka ce tunda an ambaci wannan suna, a jira takarda. Maza masu gemu suna tsaye da igiya a hannu suna kallon rijiyar kakanninsu, an rasa mai cewa bismillah.

A da, ko ba a yi maka adalci ba, ka san ƙofar da za ka je ka yi kuka. Sai aka ce mana zamani ya sake, an buɗe Majalisa, kowace ƙasa za ta aika ɗanta ya yi magana da bakinta, Firimiya kuwa ɗaya ne daga cikinku, kun dai sa shi gaba ne kamar limami. Mu mata ba a tambaye mu ba, amma mun yi murna da aka ce kai ne. Yanzu kuwa labarin da ke zuwa shi ne duk ƙofofin sun koma ɗaya, har Ministoci ita suke kallo kafin su yi tari. Ni ban san Firimiya ba, bai yi mini alkawarin komai ba, wataƙila bai taɓa jin sunan Garin Barau ba. Amma na tsani zamanin da ofishi guda zai kumbura har sunansa kaɗai ya ɗaure hannun maza daga Kaduna zuwa bakin iyaka. Na fi tsanar wanda ya ari sunan don a tafa masa.

Kada ka yi wahalar musu, Ubale mai fataucin shanu ya gaya mana komai. Da ya biyo ta Kaduna ya kwana gidanka, ka faɗa masa da bakinka cewa maganar rijiya ba ta taɓa shiga ofishin ba. Ka ce ka so ka tashi a Majalisa ka yi tambaya, abokanka suka ja maka riga, wai mai son a ba shi muƙami ba ya yawan tambaya. Ya ce kullum da safe kana kan benci a ƙofar wani sakatare, kana jiran a gan ka. Ya roƙe ka ka ba shi saƙo ko na kalma biyu zuwa ga dagaci, cewa kuskure ka yi, a yashe rijiya, a lokacin kuwa tana tsaye. Ka ce ba za ka iya ba, in aka ji ka ambaci ofishin sannan ka janye, taka ta ƙare. Ubale ya faɗa wa dagaci, dagaci ya ce ba zai warware maganar ɗan Majalisa da bakin ɗan kasuwa ba. Mun aike ka ka zama bakinmu, ka je ka zama mai gadin benci.

Ranar wata Talata da hantsi ta zube, guga biyu na ciki. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Tun daga nan Ɗanzomo muke zuwa da jakuna, mu bi layi a bayan masu gari, a ba mu ruwa haɗe da baƙar magana. Mai jego a gidan ubanka tana wanka da rabin ƙwarya. Awaki mun sayar da na sayarwa. Har yau dagaci ya hana a haƙa sabuwa, wai kada ma'aikatanku su zo su tarar an riga su.

To ga abin da ya sa na rubuto. Kawu Cindo, wan Iya, ya aiko daga wajen Dungas cewa akwai ruwa, akwai fili. Gidaje da dama sun riga sun ƙetara iyaka zuwa can ƙasar da Faransa ke mulki, mu ma mun ɗaure kaya. Za mu kwana Maigatari ranar kasuwa, washegari mu wuce. Ka san wannan ba cin rani ba ne, wanda ya share gona a can kafin ruwa ya sauka ya zama ɗan can. Iya ce ta fi kowa ƙi, ta ce inda aka kawo ta amarya nan za a ɗauke ta. Sai da ta ga jikanta yana kuka nono ya ƙafe, sannan ta kira Hudu ta ce ya je ya jibga ƙaya a kan kabarin Baba, kada dabbobi su tattake shi in ba kowa. Na so in yi maka Allah ya isa, ta hana ni, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ita dai tun ranar ba ta ƙara tambayar ko an ji labarinka ba.

Ka gaishe mini da Husainatu da kyau, ita ba ta yi mini komai ba. Ka shafa mini kan Ilu da Asama'u, ka gaya musu suna da gwaggo ko ba su ƙara ganinta ba. Malam yana gaisuwa, Murja ma haka. Hudu ya ce kada in sa sunansa. Allah ya ba ka muƙamin da kake jira, ya sa ka same shi da arha fiye da yadda muka saya maka. In ka ga damar amsawa, kada ka aika Garin Barau, ba za a sami mai karɓa ba.

Wassalam. Ni ce yayarka da ta goya ka,
Rakiyya.