Takardar Sojan Ladi

Laraba, 9 ga Afrilu

Yau 'yata Ladi ta kawo mini takardar shiga soja in sa hannu. Na gyara murya na ce, "Ɗiya mace ba ta ɗaukar bindiga a gidan nan."

Ta ce, "Baba, wane namiji ya taɓa ɗauka a gidan nan?"

Uwarta ta tsere kicin tana dariya. Sau uku ina shiga layi a bariki, sau uku ana koro ni saboda gajarta. Ladi kuwa sai na ɗaga kai nake ganin fuskarta.

Ba wata doka, tsoro nake ji. Na faɗa mata haka, sannan na sa hannu da rubutuna na ɗan aji huɗu. Gobe zan raka ta gudun safe, amma a kan babur.