Kitson Roba a Kulochin Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta ajiye sandar. Jaririn Yaya Ƙarama ya fara haƙori, duk wanda ya ɗauke shi sai ya sha cizo.

Yaya, gyara zama, don labarin nan tun shekaranjiya yake cina. Shuɗiya ta tashi! Motar Baba ta fita ƙofar gida da ƙafarta, kuma ni ce a sitiyari. Yanzu haka da nake rubutu hannuna bai gama rabuwa da baƙin mai ba, ni kuwa ko a jikina.

Ka san tun rasuwar Baba, shekara biyu ke nan, tana tsaye a ƙarƙashin rumfa. Inna ko kallon wajen ba ta yi, in za ta yi shanya sai ta zagaya ta baya. Watan jiya ta kira ni ɗaki ta ce ta gaji da ganin motar tsaye ba rai, ta yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo ya ja ta ranar Asabar ta ƙarshen wata. Na yi roƙo har na gaji. Daga ƙarshe ta ce in motar ta yi tafiya kafin ranar, to ta zauna, in kuwa ba ta yi ba, kada in sake kawo mata zancen. Ka san Inna, in ta faɗi magana ta faɗa ke nan.

Na rufe shagon ɗinkina na kama aiki. Na wanke ta ciki da waje, na fitar da tsofaffin takardu da gidan ɓera. A ƙarƙashin sitiyari na ga wani baƙin abu yana reto, na ɗauka tsumma ne, na sa almakashi na datse shi na jefa a buhun shara. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa. Mijin Yaya Ƙarama ya kawo batir, ya canja mai, ya hura tayoyi. A murɗa ta uku injin ya kama, da irin tarin nan nata da muke jiyowa tun daga kan kwana mu san Baba ya dawo. Na yi ta tsalle a tsakar gida kamar ba matar aure ba.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Na taka kulochi ya tafi ƙasa, na ɗaga ƙafa, shi kuwa ya taso rabi ya tsaya, sai na sa babban yatsa na janyo shi sama. Da na gwada sa giya, motar ta yi jim, sannan ta zabura, saura ƙiris in rungumi tankin ruwa. Na kira bakaniken garejin bakin titi. Mutumin nan ko sunkuyawa bai yi ba, ya taka sau ɗaya ya ce faifan kulochi ne ya ƙare, sai an sauke giyabos, kuma kayan mota mai irin wannan shekaru sai a yi wata ana nema. Kwana huɗu ya rage mana. Kai ma da na kira ka haka ka ce, da murya irin ta masana, kai da ko taya ba ka taɓa canjawa ba. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Sai dai ƙafata ba ta yarda ba. Shekara goma sha biyar ina taka keken ɗinki, in feda ta yi nauyi ina gane ko daga kan keken ne ko daga ƙasa. Wannan cijewar a nan kusa nake jin ta, dab da tafin ƙafa. Don haka washegari na tafi wajen Kawu Sifana, aminin Baba, tsohon bakaniken nan da ya bar aiki tun da idonsa ya yi rauni. Ya biyo ni, ya sa aka ajiye masa kujera a gefen ƙofar mota, ya ce tunda shi ba ido, ni zan zama idonsa da hannunsa. Ya ce abu uku ne a jere, da hannun ƙarfen da ke jikin giyabos, da wayar da ke jan sa, da fedar kanta, kuma sai an raba su an tambayi kowanne shi kaɗai.

Muka fara da na nesa. Na buɗe bonet, ya kwatanta min inda wayar ta maƙale a hannun ƙarfen, na zare ta. Ya ce in tura hannun da doguwar sifana in saki. Na tura da ƙyar, na saki, ya dawo da ƙarfinsa har ya buge min yatsa. Kawu ya ce madalla da wannan bugu, cikin giyabos lafiyarsa ƙalau. Yaya, daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Sannan na ja wayar a cikin rigarta, gaba da baya, tana sulɓi ba inda ta cije. Saura feda.

Nan ne mutuncina ya zube. Na kwanta rigingine, kaina a inda ake sa ƙafa, ƙafafuna a waje, tocila a baki. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko motar ce ta haɗiye ni. Na motsa fedar da hannu, ta yi ƙara a kan ƙusar da take juyawa, tsatsa ta zubo min a fuska, kuma duk inda na bar ta nan take tsayawa. Kawu ya ce in duba sama, akwai ƙugiya biyu, da sifirin a tsakaninsu, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa ya koma, shi ne yake maido da feda. Na haska. Ƙugiyoyin suna nan, sifirin babu. Abin da ke jikin kowacce guntun baƙin abu ne a ɗaure, da sabon yankan almakashi tsaf. Nan take na gane aikin hannuna.

Na fito na zazzage buhun shara a tsakar gida. Ga shi nan. Da na goge shi sai na ga roba ce irin ta bakin wando, sili huɗu, an kitse su tamau. Na sa wa Kawu a hannu, ya shafa, ya kama dariya har tari ya sarƙe shi. Hayaniyar ce ta fito da Inna, kuma karon farko ke nan cikin shekara biyu da ta tako har jikin motar. Ta karɓi abin, ta daɗe tana juya shi, sannan ta ce ita ta kitsa shi.

Ta ce shekarar da aka haife ni sifirin ɗin ya karye musu a hanya, ina goye, kai kana baya kana kukan ƙishi. Baba ya rasa yadda zai yi, sai ta ciro roba daga jakar ɗinkinta ta kitsa, ya ɗaura, suka iso gida. Tun daga nan duk shekara in robar ta saki, sai ya jawo kujerarsa kusa da kekenta ya ce Shuɗiya tana son kitso. Tana kitsawa yana ba ta labari, wani lokaci har rana ta juya. Ta ce ai dole ce ta sa, don ya gaya mata sifirin irin na motar ba a samun sa ko'ina.

Kawu ya ce ina, ai shi da hannunsa ya ba Baba sabo a satin da abin ya faru. Ya ce in duba akwatin gaba. Na zura hannu can ƙarshe, bayan takardun mota, na ciro wani abu a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Sifirin ne, Yaya, sabo dal, ko sau ɗaya ba a ɗaura shi ba. Shekara ashirin da takwas yana nan. Inna ta dafa bonet, tana dariya hawaye na zuba, tana cewa mutumin nan ashe yaudarar ta ya yi ta yi. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Sauran aikin bai kai awa ɗaya ba. Na zare ƙusar, na goge tsatsar da samfefa, na shafa giris, na mayar, na maƙala sifirin, na ɗaura waya. Na taka, na saki, fedar ta biyo ƙafata sama kamar tana jira. Muna cikin haka Inna ta shiga ɗaki ta fito da sabon kitso, fari tas. Kawu ya ce yanzu ai ba a buƙatarsa, ta ce ba ta tambaye shi ba. Na koma ƙasa na ɗaura shi kusa da sifirin.

Ranar Asabar da hantsi mai sayen ƙarafa ya zo da motar ja, ya tarar da ƙofa a buɗe, injin yana aiki, Inna a kujerar gaba da jakarta a cinya. Ta sauke gilashi ta ba shi haƙuri, ta ce ya ɗan matsar da motarsa, ya tare mana hanya. Muka fita, na sa giya ta biyu, na sa ta uku, ko ƙara babu. Muka yi nisa. Sai da muka juyo gida ta ce min robar ba ta wuce shekara, in ta saki kada in tsaya jiran kowa, in jawo kujerar Baba kusa da kekenta.

Ka gaida min Anti da kyau, da Babban Mutum, da 'yar takwarata mai surutu. Inna tana sa muku albarka. Yaya Ƙarama da mijinta suna gaisuwa, Kawu Sifana kuma ya ce in gaya maka ka daina gyaran mota ta waya. Ranar da za ka zo kada ka nemi tasi, ni da Inna za mu ɗauko ka, kuma baya za ka zauna kamar da.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Auta