Lambar da ke Gefen Mindar Baban Kaka

Yaya Linval,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Kaka Icilda? Ya yara da gonar gyaɗa? Ni lafiya lau, tarin nan ne kawai, ka san sanyin Landan ba ya raga wa baƙo. Kada ka gaya wa Mama.

Na je gidan ajiyar takardun sojan Ingila da lambar da ka karanto min daga gefen mindar baban Kaka, tagullar yabon nan ta soja. Sunan ya fito daidai, Hezekiah Pinnock daga garin Black River. Amma an rubuta zazzaɓi ya kashe shi a Masar a 1917, can aka binne shi. Na ce wa ma'aikaciyar, "Baiwar Allah, mutumin nan ya dawo Jamaika, har ya haifi kakata!" Ta ce a rundunarsu ba a ba soja biyu lamba ɗaya.

Don Allah sake duba mindar da tabarau, ba karatun nan naka na gaggawa ba. Allah ya sa kuskurenka ne. In kuwa lambar ce, kada Kaka ta ji. Kullum sai ta share kabarin nan na gindin mangwaro tana kiransa Baba. Yaya, wa ke kwance a ciki?

Ƙanwarka,
Verona